Motar Yaya Ta Ƙi Tashi

Ban taɓa tsanar abin da na haɗa da hannuna ba sai wannan 'yar na'urar. Ko akwatin ashana ya fi ta girma, amma ta hana ni sakat a wurin aiki, ta kuma biyo ni har gida.

Kamfanin da nake wa gyaran wutar mota, motocin ɗaukar 'yan makaranta yake da su. Manaja ya ce a saka wa kowace mota abin shinshinar giya: direba ya hura bututu, in an ji barasa a numfashinsa, mota ba ta tashi. Ni aka ba aikin. A cikin na'urar akwai ɗan ƙwallo da aka shafe da sinadarin kuza, wata siririyar waya tana gasa shi. Tururin barasa na sauka a kansa sai wuta ta samu hanya, fitila ta yi ja. Iyakar wayonta ke nan.

To duk direbobin nan ta rasa wanda za ta kama sai Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tsaya mini na yi karatu, ya kuma kawo ni kamfanin da kansa.

Karon farko dariya aka yi. "Auta, abin nan naki ba ya son fuskata," in ji shi, aka ba wani motar. Da abin ya maimaita, ba wanda ya yi dariya. Manaja ya kira ni ofis ya ce kafin mako ya ƙare in gaya masa gaskiya: in na'ura ce ta lalace, a cire, in lafiyarta ƙalau, Yaya ya ajiye makulli.

A gida kuwa Umma ko sallamata ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ke yanzu ko kunya ba ki ji ba? Ki haɗa wani tarkace ya riƙa kiran yayanki mashayi a gaban jama'a? Karatun ke nan?"

"Umma, zan gyara."

"Ki dai gyara!"

Matar Yaya ta daina amsa gaisuwata, sai dai ta ɗaga mini gira. Abin haushin, ni ma ina bayansu. Na san halin na'urar sarai, doluwa ce. Ba ta bambanta giya da turare, ko man tsabtace hannu, ko ruwan kurkure baki. In ba ta yi zafi sosai ba ma ƙarya take shararawa. Ga shi Yaya kwanan nan ya tsiri wanka da turare, tun daga bakin ƙofa ake jin zuwansa.

Na canza ƙwallon. Na canza wayoyi. Na bar ta a kunne ta gasu har ta gode Allah. Na hura, kore. Maigadi ya hura, kore. Na fesa turare a motar, ta yi ja, na buɗe taga, ba a jima ba ta koma kore. Yaya ya zo ya hura, ja, kuma ta kafe. Na je na tsare mai wankin mota na zazzage masa masifa a kan ruwan goge gilashi, wai ko da barasa a cikinsa, bawan Allah ya nuna mini bokitinsa, sabulu ne zalla. Na dawo na ƙona yatsana da abin liƙe waya, na yi jifa da shi, na zagi wanda ya ƙera na'urar da wanda ya sayo ta. Wallahi ji nake kamar in sa guduma.

Ana gobe wa'adi zai cika na ce wa Yaya ya zo da sassafe, kada ya shafa komai, ko man gashi. Washegari sai ga shi yana tashin ƙamshi.

"Haba Yaya! Sai ka ce ango? Me na ce maka jiya?"

"Na manta ne, Auta."

"Aikinka ne fa a kan layi, ka manta?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ɗauko rigar aiki a sito na miƙa masa, na tura shi famfo ya wanke wuya da hannuwa, ya kurkure baki, ya tsaya a waje iska ta buge shi. Bai yi musu ba. Ni kuma na haɗa sabuwar na'ura fil a kan tebur, na jona mata mita mai allura, don in ga abin da idona.

Ya hura a hankali. Allura ta ɗan motsa.

"Ba haka ba. Ja numfashi, ka huro har ƙarshe."

Ya huro. Allura ta tashi, kuma can ƙarshen numfashin, inda iskar ke fitowa daga cikin ƙirji, a nan ta fi hawa. Turare ba ya yin haka. Na sani, amma sai na tsinci hannuna yana lalubar sukudireba, wai zan sake buɗe ta.

Yaya ya riƙe mini hannu.

"Bar ta, Auta. Ba abin da ya same ta."

Na tsaya ina kallonsa. Duk wahalar nan da na sha yana gani, duk faɗan Umma yana ji.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki ce ta lalace. Wannan karon kaɗai. Zan daina, na rantse."

"Yara kake ɗauka, Yaya."

"Ban taɓa ko goga mota ba."

"Turaren ma don ni kake fesawa? Don in yi ta haukan nema?"

A waje sauran motocin suna ta tashi suna fita, tasa kaɗai ta rage. Manaja ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"To, Injiniya, ina matsalar take?"

Raina ya gama ɓaci, da Yaya, da manaja, da kaina. Na so ƙwarai in ce waya ce ta saki.

"Lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe."

Yaya ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a gefen mitar. Da manaja ya fita, ya cire rigar aikin ya ninke ta tsaf, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Abu ɗaya nake roƙo. Kada Umma ta ji."

Da yamma na tarar da ita a tsakar gida, labari ya riga ni. Ta ce tarkacena ya cinye aikin ɗanta, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wannan na'urar, ta tambaye ni ko yanzu hankalina ya kwanta. Yaya yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana ji.

Na buɗe baki, na kalle shi, na ce, "Ki yi haƙuri, Umma. Na kasa gyarawa."