Muryar Glenys a Gefe na Biyu

Col Farrugia ya diro daga taragon titi tun ƙofa ba ta gama buɗewa ba, ya tsallaka hanya da sauri kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Tun safe yake yawo unguwa-unguwa yana neman wani faifan waƙa. Shagon Footscray sun ce ya ƙare, na Fitzroy ko buɗewa ba su yi ba, saura na Marika a Northcote.

"Faifan nan ne dai?" in ji Marika mai shagon, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Tsoho, bugu nawa ka tara a gida? Na Jamus, na Japan, har da jan nan mai kama da alewa."

"Duk na banza ne. Sun wanke shi tas."

Abin da suka wanke ɗin kuwa Glenys ce, matarsa. Suna da ƙuruciya wasu 'yan unguwarsu masu kiɗan nan mai hargowa da ake kira punk suka yi wasa a wani gidan giya, aka naɗi wasan, aka buga faifai. A gefe na biyu, dab da waƙar ƙarshe, ana jin wata yarinya a cikin taro ta ɗaga murya tana ce wa mawaƙin ya gyara jitarsa ko ya sauko ya ba mutane wuri, sai ta kwashe da dariya. Glenys ke nan, tun lokacin bakinta ba linzami. Faifansu na asali ya salwanta wajen ƙaura. Tun daga nan duk sabon bugun da ya fito sai Col ya saya, kowanne kuma sai ya tarar masu gyaran sauti, Allah ya shirye su, sun goge ta wai hayaniya ce. Wannan karon wani sabon bugu ya fito, an ce ba a taɓa komai ba.

Gobe da safe likitoci za su yi wa Glenys aikin ciwon daji a maƙogwaro, su cire inda murya take fitowa. Ko ta warke, muryar ba za ta dawo ba. Tsoro ne ya cika cikin Col, ya kasa zama wuri ɗaya, ya ce mata zai je ya dawo yanzu.

"Guda ɗaya aka aiko mini," in ji Marika. "Trev ya riga ka. Ka duba shagon kofi na kan kwanar titi."

Trev abokin hamayyarsa ne a harkar tara faifai, mutumin da yake sayen faifai ya jera a kanta da ledarsa, bai taɓa ɗora wa ko ɗaya allura ba. Col ya same shi yana cin fanken nama, faifan a kan cinyarsa.

"Ka makara, mutumina," in ji Trev da cikakken baki. "Gwiwar ce ko tsufan?"

"Ba ni shi. Ka zaɓi duk wanda kake so a gidana."

"Tarkacenka da ka gama gogewa da allura? A'a, na gode."

"Kai ko jin sa ba za ka yi ba."

"Shi ya sa nawa suke daɗewa."

Col ya tsaya yana murza hularsa. Bai gaya wa kowa a harkar zancen aikin Glenys ba, bai kuma so Trev ya zama na farko.

"Gobe za a cire wa Glenys murya," ya ce. "Tana ciki, a gefe na biyu."

Trev ya daina tauna. Ya goge yatsunsa sosai a jikin wando, sannan ya miƙo faifan da hannu biyu. Ya ce, "Kada ka bari rana ta taɓa shi, lanƙwashewa zai yi."

Rana kuwa ta ƙwalle. Taragon da ya hau zuwa gida ya tsaya cak a tsakiyar hanya, aka ce wuta ce ta ɗauke. Col ya zauna, ya tashi, ya sake zama, daga ƙarshe ya sauka ya kama tafiya a ƙasa, faifan a cikin rigarsa, yana bin inuwar shaguna yana ɗingishi. Sai da yamma ta yi liƙis ya isa gida.

Glenys tana falo, kofunan shayin baƙi birjik a kan tebur. Da ta yi magana sai da ya sunkuyo kafin ya ji, don muryar ta dishe ƙwarai.

"Tun safe nake zuba surutu. Ƙanwata, maƙwabta, har kare ya sha labari. Naka na ajiye sai ƙarshe."

"Tsaya ki ji abin da na samo," in ji Col.

Ya yage ledar, ya juya gefe na biyu, ya ɗora allura, ya ƙure sauti. Ya durƙusa gaban lasifika ya ba ta baya. Ganga ta tsaya, taro ya yi ihu, sai ga yarinyar nan tar, ta ci mutuncin mawaƙin ta kwashe da dariya. Daɗi ya kama Col har hawaye suka zubo masa.

Ya juyo don ya ga fuskarta, sai ya ga leɓɓanta suna ƙarasa wata magana, doguwa, idonta a kansa. Ya yi maza ya ɗage allurar.

"Me kika ce?"

Ta buɗe baki, ta gwada, ta sake gwadawa. Iska kawai ta fito. Sai ta dafa kujerar da ke kusa da ita, ya zo ya zauna.