Tawada Mai Ruwan Toka

Ranar da Kaka Fumie ta rasu, Lastri tana kamfanin kifi tana cire ƙaya, ba ta ji ba sai da ta dawo da la'asar ta ga baƙin motoci a ƙofar tsohuwar, wadda maƙwabciyarta ce. Wata mata da ke share gaban gidan ce ta faɗa mata, a gajarce, yadda mutanen garinmu suke faɗin irin wannan labari: cikin barci ne, ba ta sha wahala ba, gobe da yamma za a yi zaman ban kwana a zauren jana'iza na bayan tasha, jibi da safe a ƙone gawar.

Maganar ƙonawar nan ce ta tsaya mata a rai. A Wonogiri, can tsibirin Jawa inda aka haife ta, wanke mamaci ake yi a kai shi makwancinsa, kuma duk wanda ya ji labari zuwa yake, ba mai tambayarsa me ya kawo shi. Nan kuwa ta san ba haka ba ne. Akwai tebur a ƙofar zaure, akwai mutane a bayansa, ana miƙa musu ambulan ɗin ta'aziyya da sunanka a jiki, sannan a ce ka shiga. Iyakar saninta ke nan. Burinta bai wuce ta ga fuskar tsohuwar sau ɗaya kafin wuta ba, kuma ta yi hakan ba tare da ta tafka abin da zai sa dangi su ce, dubi irin wadda Fumie ta jajibo.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk abin da ba ta sani ba a ƙasar nan, Kaka Fumie take tambaya.

A kantin Onodera suka haɗu, wannan na bakin gada da ba a taɓa ganinsa a rufe ba. Can ake biyan kuɗin wuta, can ake aika kaya gida, can ake sayen safa, lema, abincin rana da jakar shara mai launin da hukuma ta yarda da shi. Baƙo idan ya zo garinmu, kafin ya san sunan titinsa ya san kantin. Lastri tana sabuwar zuwa, ta tsaya gaban dunƙulen shinkafa tana jujjuya ɗaya a hannu, yunwa na cin ta, rubutun bayan ledar kuma ƙanana ne kamar tururuwa. Sai ta ji an taɓa mata gwiwar hannu.

"Ke 'yar nan, shinkafar laifi ta yi miki? Tun ɗazu kike hararar ta."

Wata 'yar tsohuwa ce, tsayinta bai wuce kafaɗar Lastri ba. Lastri ta haɗa 'yan kalmomin da ta iya ta ce, "Alade, akwai?"

Tsohuwar ta zaro wani gilashi mai mariƙi daga jakarta, irin wanda ke ƙara wa rubutu girma, ta kanga shi. "Wannan akwai kitsensa. Wannan an sa masa giyar girki. Wannan kifi ne da gishiri kawai, ci abinki."

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Lastri na tashi daga aiki za ta tarar da ita a kantin, ta riga ta fara takalar mai shi.

"Onodera, ka sake kawo mana wani sabon shirmen?"

"In shirme ne, Kaka, ga ƙofa can. Ita ke buɗe kanta ma, ba sai kin wahala ba."

Haka suka yi ta yi, shekara ta juyo ta sake juyowa. Lastri ta iya magana sosai, amma rubutun bayan leda ya ƙi zama, domin kullum kamfanoni cikin sauya kaya suke, kuma sunayen da suke ɓoye alade a ciki sun fi a ƙirga. Gaskiya ita ma ba ta wani dage ba. Wanda yake da mai karanta masa ba ya gaggawar koyo.

Washegari ta roƙi a sallame ta da wuri. Ta sa doguwar riga baƙa da baƙin mayafi, ta nufi kantin, domin ta sha ganin ambulan ɗin a jere kusa da alƙaluma. Iri biyu ta tarar. Ɗaya fara ce da zare baƙi da fari, ba ado ba komai, kamar an yi ta da rowa. Ɗayar kuwa zarenta ja da fari ne, an ƙulla shi da kyau, takardar har sheƙi take. Lastri ba ta yi dogon tunani ba. Ja da fari launin tutar ƙasarsu ne, shi ake ratayawa a ƙofa ranar girmamawa, kuma ko kunun da uwarta ke dama wa maƙwabta ranar sadaka ja da fari ne. Ta ce a ranta, Kaka ta wuce a kai mata ta rowa. Ta wuce wurin injin cire kuɗi na kusurwa, ya miƙo mata takarda sabuwa fil, sai ta ji daɗi, don a gida layi ake yi kafin Sallah a nemi sabbin kuɗi saboda waɗanda ake ganin girmansu.

Masu kanti a ƙasar nan suna da wata tarbiyya: ba su ganin abin da ka saya. Ka ajiye musu duk abin da ka ga dama, za su faɗi kuɗinsa, su gode, su sa maka a leda, fuska ba ta motsa ba. Onodera ya fi kowa riƙe wannan, ga shi dama fuskarsa kullum a murtuke. Ya ɗauki ambulan ɗin zai haska ta a na'urar kuɗi, sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi baƙar rigar, ya dubi jan zaren, ya kira ta da "san" ɗin girmamawa da ake liƙa wa suna a nan.

"Bikin wa za ki, Lastri-san?"

"Ba biki ba ne. Kaka ce."

"Na san Kaka ce. Mayar da wannan."

"Ita ta fi kyau a cikinsu."

"Shi ya sa na ce ki mayar. Wannan ta aure ce da haihuwa. Kika miƙa ta a ƙofar can, kin ce musu barka da arziki ke nan, uwarku ta mutu."

Lastri ta sake duban jan zaren. Ta hango kanta a gaban teburin, ta hango yadda za su karɓa da hannu biyu su sunkuya, ba wanda zai ce mata uffan, sannan a yi ta maganar a garin har bayan ta bar ƙasar. Kunya ta kama ta, ga baƙin ciki a kai. Ta ce a hankali, "Ba ni da wanda zan tambaya."

Akwai mutane a bayanta riƙe da abincinsu. Onodera ya leƙa ɗakin ajiya ya ce, "Tokiko, zo ki riƙe min teburin ciniki." Matarsa ta fito tana goge hannu, shi kuma ya zagayo, abin da Lastri ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ɗauko ta rowar, ya haɗa da wani alƙalami mai bakin buroshi, ya ja ta zuwa ɗan teburin da ke jikin taga inda direbobi ke shan shayi.

"Gwada shi a nan tukuna."

Ta ja layi a bayan wata 'yar takarda. Layin ya fito a koɗe, ruwan toka. "Onodera-san, wannan ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau. Da baƙar tawada ake rubuta abin farin ciki. Wannan kuwa, wai kina niƙa tawada ne hawaye ya zuba a ciki ya tsinka ta. Haka muka taras ana yi. Ina kuɗin?"

Ta nuna masa. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa.

"Sabo fil. Wato kin daɗe da tanadinsa kina jiran ta mutu."

"Wallahi a'a."

"Ni na sani, su ne ba su sani ba. Mutuwa ba ta sallama, abin da ke aljihu shi ake ɗauka a fito." Ya karɓa ya je wurin matarsa, ya dawo da wata takardar da ta sha hannu har ta yi laushi. "Tun da na buɗe kantin nan nake ba mutane haƙuri in na ba su irin wannan. Yau ga ranarta."

Ya nuna mata yadda ake kifa fuskar kuɗin, da inda suna ke zama a ƙasan zaren. Ta rubuta nata da haruffan da ake rubuta sunayen baƙi. Ba zan ce hawaye ya ɗiga a kai ba. Bai ɗiga ba, ta kautar da fuska ne, don ba ta son ta ɓata takardar.

Sai ta faɗi abin da ya hana ta barci. "Na ji ana ɗiban turare a zuba a garwashi. Addinina bai ba ni wannan ba."

"To kar ki ɗiba. Ki tsaya, ki gaida iyalanta, ki faɗa mata abin da kika zo faɗa. Matar da ta yi ta farautar alade a bayan leda saboda ke, ita ce za ta yi mamakinki?" Ya cire rigar aikinsa, ashe da baƙin taye a wuyansa tun safe. "Mu je. Ki bi bayana, abin da na yi ki yi, ban da turaren."

A ƙofar zauren, wani dattijo ya karɓi ambulan ɗinta da hannu biyu, ya dubi sunan, ya sunkuya mata daidai yadda ya sunkuya wa na gabanta, ya ce ta shiga. Ba wanda ya sake kallonta, kuma abin da ta zo nema ke nan. Ta zauna a baya har malamin addininsu ya gama karatunsa. Da aka ba da dama, ta bi layi zuwa akwatin gawar, aka buɗe 'yar tagar da ke saitin fuska. Kaka Fumie tana kwance an taje mata gashi, bakin nan da ba ya gajiya ya yi shiru. Lastri ta tsaya ta kalle ta son ranta, ta gode mata da harshen garinmu, sannan ta matsa.

Tana neman takalminta wani mutum mai furfura a gefen kai ya tare ta. Noboru ne, ɗan marigayiyar, wanda ya zo daga Tokyo.

"Ke ce Lastri-san? Duk ranar da na kira ta da yamma sai ta ce in ajiye waya, tana da aiki, yarinyarta na jiran ta a kanti." Ya ciro gilashin nan mai mariƙi daga aljihunsa. "Mun so mu sa mata shi a akwati, masu ƙonawa suka ce gilashi ba ya shiga wuta. Ki riƙe. Ni ban ma san me take yi da shi ba. Tun bara likita ya ce tsakiyar idonta ta mutu, gefe-gefe kawai take gani. Ko sunanta aka rubuta mata da girman tafin hannu ba ta iya karantawa."

Lastri ta dube shi. "A makon nan ta karanta min sabon biredi. Ta ce akwai kitse, kar in saya."

Lastri ta juya wurin Onodera, wanda ya duƙa yana fama da igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da ya ga ba mafita ya miƙe.

"Da safe take zuwa, kina wurin aiki. Duk sabon kayan da mota ta sauke sai na karanta mata, ta yi ta maimaitawa, ta shafa ledar, ta riƙe inda na jera shi. In na sauya wa abu wuri ranar na shiga uku." Ya share maƙogwaro. "Ta ce in kika gane za ki ji nauyi ki daina tambayarta. Ta ce kuma in na kuskura na faɗa miki, ta bar sayayya a wurina har abada. To, ga shi ta bari."

Lastri ta riƙe gilashin da hannu biyu. Mariƙinsa ya goge ya yi santsi inda babban yatsan tsohuwar ke zama. Ta roƙi Noboru ko za a sake buɗe mata tagar, ya buɗe da kansa. Wannan karon da harshen Jawa ta yi magana, ta kira ta da sunan da take kiran uwar da ta haife ta, kuma ba ta kautar da fuska ba.

A waje rana ta kusa faɗuwa a bayan tasha. Suka taka tare da Onodera har bakin gada. A ƙofar kantin Onodera ya kwance tayensa ya cusa a aljihu.

"Gobe mota za ta kawo sabon shirme," ya ce. "Ki zo da yamma kamar kullum. Amma ki taho da gilashin, ni ma idon nawa ba na kirki ba ne."