Yatsun da Na'ura Ba Ta Gani

Lambar wayar da Inna Mai Wanki ta daɗe tana amfani da ita yanzu tana hannun wani mai walda a bayan tsohuwar tasha. Kamfanin waya ne ya sayar masa da ita, bisa ƙa'ida, bayan hukumar sadarwa ta ba da umarnin a rufe duk layin da ba a haɗa shi da katin ɗan ƙasa ba. Ba wanda ya karya doka. Sai dai wannan lamba ita kaɗai ce Auta, ɗan Inna na ƙarshe, ya haddace kafin ya tafi neman aiki ƙetare.

Shekara uku ke nan da tafiyarsa. Wayarsa ta salwanta tun a hanya, don haka da ta aro yake kira, yau wannan lamba, gobe waccan, wani lokaci sai an yi watanni. Ba ya daɗewa. Yakan ce, "Inna, ni ne. Lafiyata ƙalau. Mai wayar na tsaye a kaina." Idan yayarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin ƙofar gida, ta bi lambar daga baya, sai wani baƙo ya ɗauka ya ce bai san shi ba. Inna takan ƙulle wayar a leda, ta ɗora a tagar da ke saman bahon wanki, ta ƙure ƙararta.

* * *

A rediyo aka yi sanarwar rufe layukan. Inna ba ta taɓa yin katin ba, domin ba abin da ya taɓa haɗa ta da shi. Yaya, yayar Auta, ta rufe shagon ɗinkinta ta raka ta ofishin rajista, suka bi layi daga hantsi har azahar.

Ma'aikacin ya kama hannunta ya ɗora a kan ɗan gilashin mai koren haske.

"Mama, danna sosai."

"Ɗana, in na ƙara dannawa sai na biya ku gilashi."

Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya sa ta shafa yatsun a goshinta don su ɗan sami maiƙo, suka sake. Allon kwamfutar ya nuna wani baƙin tabo sumul, ba ko zane ɗaya. Ya juya tafin hannunta yana kallo. Sabulu da ruwan bilic sun cinye fatar, ta yi santsi kamar bayan cokali.

Wani dattijo a bayanta ya leƙo ya ce, "Ke kuwa baiwar Allah, wankin naki har da zanen hannu kika haɗa?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Ma'aikacin ya ce, "Da a ce yatsun ne babu gaba ɗaya, akwai gurbin masu naƙasa, nan take zan wuce da ke. To naki goma ne cif. Ki je ki huta da taɓa ruwa, ki riƙa shafa mai. Wataƙila su dawo."

Ta huta. Gidajen da take yi wa wanki suka jira ta kwana biyu, sannan suka nemi wata. Tana zaune a tsakar gida, hannuwa a cinya suna ƙyallin mai, igiyoyin shanya ba komai a kansu. Da suka koma, babban yatsan hagu ya fito dishi-dishi. Na'ura ba ta karɓar yatsa ɗaya. A zuwa na uku kuma aka ce babu sabis, a dawo wani mako.

* * *

A ofishin kamfanin waya akwai sanyin na'ura da kujeru masu laushi. Yaya ta ajiye nata katin a gaban ma'aikaciyar.

"Ki haɗa layin da nawa. Mahaifiyata ce, ga ta nan."

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta. "Layin da sunanta yake. Dole sunan kati ya zo daidai da sunan layi."

"To a mayar da shi sunana."

"Ana yi. Sai mai layin ta kawo katinta ta sa hannu."

"Ai katin ne ba ta da shi."

"Shi nake gaya miki, Anti." Ta rage murya. "Wallahi ba daga mu ba ne. Layi ɗaya muka bari a buɗe, hukuma tara za ta ci mu. Ni kuma aikina ne zai tafi."

Inna ta matso. "'Yata, ni ba na kiran kowa. Ku toshe kiran, ku bar min shigowa kawai. Yaro ne ke nema na."

"Ki ba shi wata lambar mana, Mama."

"Sai ya kira zan ba shi."

Bai kira ba kafin wa'adin ya cika. Da farko aka hana ta kira, abin da bai dame ta ba. Daga baya sandunan sabis suka ɓace daga fuskar wayar. Yaya ta gani, ta ɓoye mata, tana tunanin gara Inna ta ɗauka yaron ne bai samu wayar aro ba. Inna ta koma wankinta, ta ci gaba da kai wayar caji. Sai wata rana tana matse zani ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ki daina yi min kallon nan. Na san a rufe yake."

* * *

Bayan watanni, Yaya ta danna lambar, don kawai ta ji muryar da ke cewa layin ba ya aiki. Sai ta ji yana shiga. Wani namiji ya ɗauka, ƙarar janareta a bayansa.

"Walda da ƙofofi, wa ke magana?"

Washegari suka same shi. Rumfar kwano ce, da tarin rodi da ƙyauren da ba a gama ba. An rubuta lambar da jan fenti a jikin allo, manya-manya. Ya kashe janareta, ya tura baƙin tabarau goshi, ya jawo wa Inna benci. Ya saurare su har ƙarshe.

"Mama, ni sabo na saya a kwali. Kin ga allo, duk masu ba ni aiki wannan lambar suka sani, ita ce kuma a banki. Ko na ba ki ma, da katina aka yi rajista. In aka kama wani da layina, ni za a nema."

Yaya ta ce, "Ba wanda ya taɓa kira yana neman ta?"

Ya sosa ƙeya. "Masu ba da wanki sun dame ni da farko. Wata har zagina ta yi a kan zanin gado. Akwai kuma wata doguwar lamba, ta waje. Sau biyu."

"Yaro ne? Ya ce Inna?"

"A'a, babban mutum ne, harshensa ma ba ya fita sosai. Ya ce yana neman mahaifiyar Auta. Wai ɗakinsu ɗaya, akwai maganar da ita kaɗai zai gaya wa. Ya ce a yi sauri, ƙarshen wata zai bar wurin."

"Me ka ce masa?"

"Anti, kullum hukuma na faɗa a rediyo, lambar waje da ba ka sani ba 'yan damfara ne. Na ce ya nemi sana'a. Na kashe."

Inna ta kalli hannunsa, inda wayar take.

Ya lalubo lambar ya danna, ya buɗe murya kowa ya ji. Wata muryar mace irin ta na'ura ta yi magana cikin harshen da ba wanda ya sani a cikinsu, ta maimaita, layin ya yanke. Suka sake. Ita ce dai.

* * *

Yanzu Inna takan gama wanki da wuri ta taka zuwa rumfar. Mai walda bai hana ta ba. Da yake ba ya jin ƙarar waya idan janareta na aiki, sai ya miƙa mata ita ya ja tabarau. Takan zauna a ƙarshen benci, ta juya wa tartsatsin baya, wayar a tafin hannunta. Wayar tana yawan ƙara. Masu ƙofa ne, da masu taga, da wani da kullum yake cewa an yi masa alkawarin jiya. Ta iya amsa musu: "Yana aiki, ka ɗan ƙara kira."

Mutumin da ya nemi mahaifiyar Auta ya ce ƙarshen wata zai bar wurin. Wayar ba ta riƙe kwanan wata ba, mai walda kuma ya kasa tuna ko a watan nan ne mutumin ya kira, ko a watan jiya.