Maganin Riƙe Ciki

Likitar ta zare murfin jan biro ta sa wa shuɗi, ta ɗauki na shuɗin ta rufe ja, sannan ta ajiye su gaban Injiniya.

"Ka gani? Biro biyu, murfi biyu, babu abin da ya ɓata. Haka zaren halittarka yake. Guda biyu sun yi musayar guntu tun kafin a haife ka, amma komai yana nan cif, shi ya sa kake lafiya ƙalau."

Injiniya ya gyaɗa kai. Mai gyaran janareto ne, unguwa ce ta laƙaba masa sunan. Kusa da shi matarsa ce, Malama, wadda ta bar 'yan ajinta da wata don ta rako shi, tana riƙe da jaka a cinya.

"Wajen rabo matsalar take," in ji likitar. "Kowace ƙwayar maniyyi rabin kayanka take ɗauka. Wata ta yi sa'a ta kwashi daidai. Wata kuwa shuɗi ya yi mata yawa, ja bai cika ba. In irin wannan ce ta zama ciki, yakan zube. Ban ce ba za ku haihu ba, sai dai ana iya shan wahala kafin a dace."

"To, ita fa?" ya tambaya, ba tare da ya kalli matarsa ba.

"Ita babu komai a tare da ita. Abin sau da yawa gado ne, daga uwa ko uba. Ka tambaya a gida ko an yi fama da ɓari."

Malama ba ta yi kuka ba. Kukan ta gama shi a ciki huɗun da suka zube, da kuma bakin Inna, uwar mijinta, wadda ta taɓa cewa a gaban baƙi mahaifar yarinyar nan rariya ce. Tun ɓari na farko Inna ke dafa wasu saiwoyi, kofi da safe, kofi da yamma, Malama ta durƙusa ta karɓa ta shanye, har da godiya.

A cikin bas sai da suka wuce kasuwa sannan ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Yau za ka faɗa wa Inna."

"Ki bari in samu lokacin da ya dace mana."

"Lokaci? Ai ni na ba ka shekaru." Ta juyo ta dube shi. "Ban ce ka ba ni haƙuri ba, ba kai ka halicci kanka ba. Ko ba ɗa, zan zauna da kai. Amma ba zan ƙara shan kofin nan ina mai laifi ba. In aka miƙo min shi yau kana zaune ba ka buɗe baki ba, gidanmu zan kwana."

"Haba, abin har ya kai can?"

Ta mayar da fuskarta taga. Shi kuwa ya shiga lissafin yadda magana ke tafiya: Inna ta faɗa wa maƙwabciya, maƙwabciya ta faɗa wa mijinta, kafin jibi ta iso shago. Har ya fara jin muryar mai waldan da ke gefensa: Injiniya yana tada injin kowa, nasa ya ƙi tashi. Wannan dariyar da ba a yi ba tukuna ta fi tsaya masa a rai a kan fuskar matar da ke kusa da shi, kuma abin kunya ne, ya sani.

Sun tarar da Inna a baranda tare da Goggo, ƙanwar marigayi babansa. Tukunyar saiwar tana kan risho, warinta ya cika gidan.

"'Yan asibiti an dawo," in ji Inna. "Me suka ce? Ko dai kamar kullum, a sake dawowa?"

"Sun yi bayani, Inna," in ji Injiniya. Ya zauna bakin tabarma, ya cire hula, ya mayar.

Inna ba ta jira bayanin ba. Ta tace ruwan saiwar a kofi ta miƙa wa Malama. "Ungo, 'yar nan. Kar ki ɓata rai, ba mugunta nake miki ba. Ni nan da kike gani, ciki nawa ne suka zube min kafin shi? Bayansa ma haka. Kakarsa ce ta riƙa dafa min wannan, na daure na sha, ga shi nan zaune."

Goggo ta fashe da dariya. "Ai har mun ce wa Yaya ya sallame ta. Mu ma rariya muke ce mata."

"Kun ce," in ji Inna, ba dariya a fuskarta. "Ban manta ba."

Malama ta juya a hankali ta kalli mijinta. Ba sai an kira likita ba, su biyun sun ji gadon a gidan nan yake, kuma ko daga wa ya fito, Inna za a ɗora wa. Injiniya ya dubi uwarsa, ya dubi Goggo da ke share hawayen dariya. Yanzu in ya yi magana, ba kansa kaɗai zai tona ba, zai miƙa wa Goggo hujjar da take nema tun kafin ya yi wayo. Tausayin Inna ya kama shi da gaske. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani sanyi da ya ji, irin na matsoracin da ya tsinci uzuri mai kyau.

Kofin yana hannun Malama, tururi na tashi. Tana jira.

Sai ya yunƙura ya fizge kofin, ya kafa kai ya shanye. Ɗacin ya daki maƙogwaronsa har idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa ɗanɗanawa ba sai yau.

"Yau na ga ikon Allah!" Goggo ta tafa hannu. "Maganin mata? Kai ma cikin za ka riƙe?"

"Rabu da shi, son mata ne ya yi masa yawa," in ji Inna. Ta karɓi kofin, ta sake cikawa. "Akwai saura a tukunya. Ungo, 'yar nan."

Malama ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, kamar yadda ta saba. Ta ƙara ba shi ɗan lokaci, tana kallon bakinsa. Shi kuwa yana ta kallon tabarma. Sai ta ajiye kofin a gabansa, a hankali, ko ɗigo bai zube ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Can suka ji ƙarar akwati ana jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Inna ta girgiza kai. "Ka gani ko? Mace tana son haihuwa, amma magani ma ba ta iya sha."

"Na gani, Inna," in ji shi.