Dunƙulallen Hannu a Bakin Raga

Kayal ta tsaya gaban raga, ta kai hannu baya inda abokan karawa ba sa gani, ta dunƙule shi. Selvarani, da ke zaune bakin fili a ƙarƙashin laima, ta sauke ajiyar zuciya.

A ƙwallon raga ta kan yashi, mutum biyu ne kacal a kowane ɓangare, kuma da yatsu suke magana. Ta gaba in ta nuna yatsa ɗaya, za ta yi tsalle ta tare gefe. In biyu, ta tare kwana. In ta dunƙule, tana cewa ne ba zan iya tsalle ba, ki tsare mini baya. Kayal kuwa, wadda duk garinmu na Nagapattinam muka sani da tashi sama kamar kifi, tun safe dunƙulewa take yi.

Selvarani ita ce kocin 'yan matan kwaleji, kuma ƙanwar mahaifiyar Kayal. Ita ta ga gwiwar yarinyar ta kumbura kamar gwanda, ita ta ji likita ya ce a huta. Da ƙyar ta yarda a shiga gasar, bisa sharaɗi: ba tsalle, ba allurar kashe ciwo. Abin da ya hana ta cewa a'a yana zaune can a rumfar manyan baƙi, wato mutanen wata hukuma da ke ɗaukar 'yan wasa aiki. Wadda ta ci kofi, ta samu aikin gwamnati.

Nithila, abokiyar wasan Kayal, ta yi ta faɗuwa tana tashi har yashi ya shige mata baki. Da wahalarta suka kai wasan ƙarshe.

*

Da rana ta take, yashi ya fi ƙarfin tafin ƙafa, aka ɗage wasa sai la'asar. Selvarani na durƙushe tana ɗora wa Kayal ƙanƙara a gwiwa, sai ga Arokiam, mahaifin yarinyar. Masunci ne, yau kuwa ya sa farar rigar da sai ranar coci take fitowa daga akwati.

"Selvi, me nake gani? 'Yata ta koma itacen kwakwa a gaban raga?"

"Gwiwarta ce, Yaya. Ka ji abin da likita ya ce."

"Likita ya taɓa kwana da yunwa? Ga mai kemis can bayan kasuwar kifi. Allura ɗaya, ta manta tana da gwiwa. Duk yaran nan ita suke yi."

"Na sani. Ni ma ai ita na yi."

Ba ƙarya ta faɗa ba. A zamaninta ita ce ke ɗaukar jiharmu a kafaɗa, kuma kafin kowane babban wasa sai an tsira wa kafaɗar allura. Ciwon ya kan yi shiru, ɓarnar kuwa tana nan tana aikinta. Yanzu hannunta na dama ba ya wuce kunne. Da hagu take taje kai, da hagu take jefa wa ɗalibanta ƙwallo.

Arokiam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To sai me? Ga ki nan a inuwa, wata ya mutu ki karɓi albashi. Mu da ba mu yi allura ba, teku ce ke cin mu a tsaye. Ko so kike ta gaji uwarta a yankan kifi?"

Maganar ta ƙona wa Selvarani rai. Ta juya ga yarinyar. "Kayal, dube ni. Kin yi mini alkawari."

"Na yi, Chithi," in ji ta, da sunan da take kiran ƙanwar mahaifiyarta, idonta a kan yashi. "Appa abinci kawai zai saya mini."

Ta tashi tana ɗingishi, ta bi ubanta.

*

Aka busa usur. Kayal ta kai hannu baya. Yatsa ɗaya.

Ta tashi sama, ta mayar da ƙwallon a fuskar mai bugu, ta dira ko gezau. Bakin teku ya kaure da sowa. Selvarani kaɗai ce ba ta yi sowa ba, domin ta san wannan dirar. Haka mutum ke dira in ƙafarsa ta daina gaya masa gaskiya.

Doka ta hana koci magana ana cikin wasa, amma ba ta hana shi janye 'yan wasansa ba. Ta miƙe. Tsakaninta da alƙalin wasa 'yan taku ne. Sai ta hango manyan baƙin suna nuna Kayal suna gyaɗa kai, ta hango Arokiam ya haɗa hannuwa a ƙirji yana motsa baki. In ta tsayar, ta raba gida guda da abincinsa, kuma ba za su taɓa yafe mata ba. In ta bari, ta san ƙarshen labarin, tunda a jikinta yake rubuce. Tsoro ya kama ta ta ko'ina. Ta tsaya har ƙafafunta suka gaji, sannan ta zauna.

Yatsa biyu. Yatsa ɗaya. Duk tsalle sai Selvarani ta dafe kafaɗarta.

A makin ƙarshe Kayal ta tashi, ta tare, ƙwallo ta faɗi can ɓangaren. Da ta dira, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Ta miƙe tana dariya, don ba ta ji komai ba. Nithila ta rungume ta. Arokiam ya zube a yashi yana kuka.

*

Manyan baƙi suka yi ta jawabi har rana ta yi ja, ƙarfin allurar kuma yana ta janyewa. Da aka zo ɗaukar hoto, gumi ya jiƙa Kayal, leɓenta ya bushe, ta tattara nauyinta a ƙafa ɗaya. Ɗaya daga cikin baƙin ya shafa kanta.

"Wata mai zuwa akwai gasar ƙasa. Da ke za mu fara, kin ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"A ɗaga kofi sama," in ji mai hoto. "Koci, ke ma kama mana. Sama dai, sama."

Selvarani ta kama da dama, hannun ya zo kunne ya tsaya. Ta saki, ta ja da baya.

Daga nan ta gani. Kayal na yi wa mai hoto murmushi, hannu ɗaya a jikin kofi. Ɗayan yana bayanta, inda ba mai gani sai Chithi, a dunƙule.