Kafireton Kawu Shittu

Duk wanda ya san Lurwanu a unguwar Harra ta Gabas ya san inda ciwonsa yake. A shagunan kayan gyaran mota na Madina kowane ƙarfe kashi biyu ne: akwai asli, wanda ya fito daga hannun kamfanin da ya ƙera motar, akwai kuma tijari, kwaikwayon da wasu suka buga. Lurwanu kuwa in ka ce masa tijari sai ya haɗe rai kamar ka zage shi. Bakanike ne mai hannu, wannan babu musu, amma a kan ƙusa guda yana iya bin maƙabartun motoci uku cikin ƙwallelliyar rana, ya dawo yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Shekara huɗu ya yi yana tayar da tsohuwar motar mahaifinsa, Kamaro. Marigayin da ƙanin matarsa, Shittu, tare suka saye su a Jidda suna samari, guda biyu iri ɗaya ƙirar alif ɗari tara da saba'in, baƙa da shuɗiya. Baƙar, ta mahaifinsa, an sayar da ita tun Lurwanu yana goye. Gawarta ya tsinto a wani fili a hanyar Tabuka, ya gane ta da lambar jiki. Kujeru, fitilu, madubi, har marfin tanki, ɗaya bayan ɗaya ya tattaro su, kowanne na shekarar motar. Abu ɗaya ne ya gagara, kafireto, wannan ƙarfen da ke gauraya fetur da iska ya shayar da inji. Mai lambar waccan shekarar guda ɗaya ya sani a duk garin, kuma yana cikin shuɗiyar motar Kawu Shittu.

Sau uku yana roƙo, sau uku Kawu yana kora shi da dariya.

"Ya waladi, ɗana, in na ba ka zuciyarta, ita kuma da me za ta yi numfashi?"

"Zan saka maka sabo fil, ya Kawu. Wallahi ba za ka ji bambanci ba."

"To in babu bambanci, saka wa taka mana."

Kawu Shittu tsohon direba ne, ya haura saba'in da biyar, idonsa ya fara rauni amma girman kansa na nan daram. Kowace Asabar da safe zai yi alwala a gidansa na unguwar Bani Harisa, ya kunna shuɗiyar, ya ratsa gari zuwa Masallacin Kuba ya yi raka'a biyu, a hanyar dawowa ya sayo na'ana'a ya raba wa gidajen dangi. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ana jin gurnanin motar a san Asabar ta yi.

Ranar wata Talata ya kawo ta garejin Lurwanu juyen baƙin mai. Aka kira azahar, tsoho ya ɗauki sandarsa ya nufi masallaci. Lurwanu ya ce yana tafe, bari ya wanke hannu. Bai wanke ba. Ƙusa huɗu ne da 'yan bututu, kuma hannunsa ya san hanya ko da ido rufe. Kafin a sallame asli yana cikin akwatin kayan aikinsa, tijari yana zaune a gurbinsa, an kife shi da murfin iska. Ya ce wa ransa aro ne, da an gama bajekolin tsofaffin motoci na watan gobe zai mayar. Shi da kansa bai yarda da maganar ba, amma ta ishe shi ya iya kallon Kawu ya ce, "An gama, ya Kawu, Allah ya kiyaye hanya."

A bajekolin, masana suka haska lambar da fitila, suka jinjina kai, aka yi ta ɗaukar hoto. Daɗi ya ji, ba za a ɓoye ba. Daga nan sai aka ce akwai wani taron a Jidda. Sati mai zuwa ya zama wata mai zuwa, kuma duk mai aikin hannu ya san yadda sati mai zuwa yake da tsawon rai.

Shuɗiyar kuwa ta fara tari. Sau biyu Kawu yana dawo da ita, sau biyu Lurwanu yana murɗa 'yan ƙusoshin kwaikwayon yana cewa datti ne a fetur. Wata Asabar ta mutu murus a tsakiyar titi, tsoho ya tsaya cikin rana ana yi masa oda ta ko'ina, sai da masu wucewa suka tura shi gefe. Da ya koma gida ya sa aka lulluɓe ta da tamfol, ya jefa makullin cikin aljihun jallabiyarsa.

"Bar ta, Lurwanu. Ta tsufa kamar mai ita. Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya yi maka albarka."

Wannan albarkar ta fi mari zafi. Yanzu kuma mayarwar ta zama aiki: sai ya nemi makulli, in ya nema sai ya faɗi dalili. Suhaib, mijin Zakiyya 'yar Kawu, ya fara kai tsohon Kuba a motarsa, amma bayan Asabar biyu Kawu ya ce shi ba buhu ba ne da za a riƙa ɗauka ana saukewa. Ya daina zuwa. Lurwanu ya daina bi ta Bani Harisa. Baƙar Kamaro tana ƙyalli a gareji, shi kuma ko kunna ta ba ya son yi, don duk gurnanin da ta yi muryar wata ce.

Haka aka ci shekara guda. Sai ranar wata Laraba da hantsi Zakiyya ta bugo waya.

"Ya Lurwanu, Baba ne. Likita ya ce a mayar da shi gida, halas, babu sauran magani. Yana kiran mutane ɗaya-ɗaya yana neman gafara, tun jiya yake ambatonka."

Lurwanu ya ajiye wayar. Ya san abin da kowa ya sani, hakkin mutum mai shi ke yafewa, kuma sai yana da rai. Ya kwance kafireton daga baƙar, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya sa a but ɗin mota. Tun daga Harra har ƙofar gidan yana jera kalmomin da zai faɗa da Hausa ba Larabci ba, don Kawu ya sha cewa in magana ta kai magana, da harshen kakanni ake yin ta.

Ɗakin cike yake maƙil. Tsofaffin abokai, surukai, limamin unguwa, ana zagawa da gahawa da dabino. Lurwanu ya bar ƙullin a mota, wai sai ya ga yanayi. Ya durƙusa bakin gadon ya sumbaci goshin tsohon. Kawu ya rame har zobensa yana yawo a yatsa.

"Ɗan Innayatu," ya kira shi da sunan uwarsa, muryar can ƙasa. "Na yi maka rowa. Maraya ya zo yana tayar da motar ubansa, ya roƙe ni ƙarfe sau uku na hana. Abin yana damuna. Suhaib, miƙo."

Suhaib, wanda ma'aikacin ofis ne, bai san asli daga tijari ba, ya miƙo wani abu naɗe a tsohon rawani, yana alfaharin shi da kansa ya kwance shi jiya. Lurwanu bai buƙaci buɗewa ba. Ya san nauyinsa, shi ya saye shi.

"Tun daga kamfani yake cikinta," in ji Kawu, "ba a taɓa raba su ba sai jiya. Riƙe. Ka yafe mini."

Ɗakin ya ɗauki "Masha Allah." Wani tsoho ya share ido da gefen rawaninsa. Lurwanu ya buɗe baki, duk Hausar da ya jera a hanya ta watse. Idanu ashirin a kansa, ga liman, ga surukai.

"Na yafe, Kawu. Ni ma ka yafe mini, akwai..."

"Kai?" Tsoho ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari. "Me ka taɓa yi mini ban da alheri? Tashi, ka ba na bayanka wuri."

Ya tashi. Tsoro ne da kunya, babu wani suna da za a ba abin. Ya ce wa ransa gobe da sassafe zai dawo, lokacin da ɗakin babu kowa.

Kawu Shittu ya cika bayan sallar asuba. A Madina ba a jinkiri: aka sallace shi a Harami bayan azahar, aka wuce da shi Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. Lurwanu ya zuba ƙasa da hannunsa yana ƙoƙarin haddace wurin, ya ƙirga layuka daga bango. Da ya waiwayo daga bakin ƙofa, duk tudun ƙasar iri ɗaya ne.

Bayan kwana ukun gaisuwa ya je Bani Harisa da hantsi, ya roƙi Suhaib makullin. Ya yaye tamfol, ya goge gurbin, ya zaunar da asli inda ya ɗauke shi. Ya haɗa batirin motarsa, ya ɗiga fetur, ya murɗa makulli. Shuɗiyar ta yi tari sau biyu, sannan ta kama, gurnani mai santsi ya cika lungun har tagogi suna rawa.

Ƙofar gida ta buɗe da ƙarfi. Zakiyya ce, mayafin ma a karkace, ta fito da gudu ta tsaya turus. Ta daɗe tana kallon motar, hawaye na zuba.

"Subhanallah. Ashe da ma za ta gyaru, ya Lurwanu? Shekara guda Baba bai ga Kuba ba. Me ya lalace a cikinta?"

Ya kashe injin. Ya kasa ɗago kai.

"Babu abin da ya taɓa lalacewa, Zakiyya," ya ce. "Ni na cire."