Kwafin Ƙarshe na Baban Rijiya

"Ajiye wayar nan!"

Ta katanga na jiyo muryar, ina tsaka da shanya. Maƙwabcina ne, mutumin da likita ya hana shi ɗaga murya, ga shi har kajina sun watse. Na jefa rigar a bokiti na zagaya gidan.

Na tarar da 'yarsa, Auta, tsaye a gaban teburin falo da waya a hannu, idonta jajir. Shi kuma Baban Rijiya ya dafa ƙofar ɗaki yana haki, singileti na reto a jikinsa.

"Anti, ki yi masa magana," in ji Auta. "Hoto kawai zan ɗauka. Takardar nan ta kusa zama gari."

"Na sa hannu," ya ce. "Mai Makulli, ke kin sani. Faɗa mata."

Haka yake kirana, don a ɗakin karatu na jami'a nake aiki, sashen mujallun bincike, kuma a hannuna kalmomin sirrin shiga suke. Shi kuwa sunan ya samo shi ne daga aikinsa. Shekara goma sha ɗaya yana bin rijiyoyin ƙauyuka da igiya da kwalabe, yana auna yadda ruwa ke sauka da abin da ke gurɓata shi. Duk wahalar nan ta ƙare a shafi goma sha tara, a wata mujalla ta ƙasar waje. Kafin su buga suka turo masa takarda ya sa hannu cewa rubutun ya zama nasu, ba zai kwafa ba, ba zai raba ba. Suka aiko masa da kwafi ashirin da biyar na kyauta. Ya rabar da ashirin da huɗu.

Duk malaman da na sani sun sa hannu a irin wannan takarda, kuma kafin tawada ta bushe sun nufi injin fotokwafi. Baban Rijiya kaɗai ya ɗauki abin kamar rantsuwa. Da mujallar ta koma intanet aka kulle ta, sai jami'ar da ta biya rajistar shekara ke iya buɗewa. Tamu ta biya, ta biya, har ta gaji ta daina. Daga ranar shi kansa bai ƙara iya buɗe rubutunsa ba.

Sai ya ƙirƙiro tasa hanyar. Ya ajiye kwafin ƙarshe a teburin da ke bakin taga, ya danne shi da wani sulɓaɓɓen dutse da ya tsinto a gindin rijiya. Ɗalibin da yake so, ya zo ya zauna ya karanta, ya rubuta abin da zai iya da hannunsa. "Karatu ban sa hannu a kansa ba," yake cewa. Na sha ganin ɗalibai sun fito suna yarfe yatsu, shi kuma yana bin su da kofin shayi.

Ranar nan na zaunar da shi, na ja Auta kicin.

"Tsoro nake ji, Anti," ta ce. "Ya ce in yi masa alkawari ba zan kwafa ba ko bayan ransa. In na yi, aikinsa ya bi shi. In na ƙi, ya tafi da fushina."

"Kin yi?"

"Na ce masa gobe. Kullum gobe nake cewa."

Ni ma da tawa goben. Wata takwas ke nan ɗakunan karatu irin namu sun haɗa kai suna ja-in-ja da kamfanin mujallar: maimakon mu biya don mu kaɗai mu leƙa, mu tallafa a buga, a buɗe wa kowa, har tsofaffin fitowa. An amince, amma ranar buɗewa sai gusawa take yi. Na gaya wa Baban Rijiya tun farko, ya ce, "In kin gani a rubuce, ki kawo mini." Tun daga nan kowace safiya kafin in ajiye jaka sai na shigar da sunansa a kwamfuta, kuma kowace safiya ɗan hoton kwaɗon kulle yana nan a gefen rubutun. Wallahi na tsani kwaɗon nan kamar mutum.

Jikinsa kuwa bai jira kamfani ba. Ya daina fitowa falo. Daga gado yake tambaya, "Dutsen yana kai?" Auta ta ce yana kai. Sai ya ce, "To, alkawarina fa?" Ta ce bari ta duba tukunya.

Wata Talata na danna, babu kwaɗo. Na ɗauka kwamfutar ce ta rikice. Na sake dannawa, shafi goma sha tara suka zubo a gabana. Ban ko nemi izinin oga ba. Na buga sanarwar kamfanin, na tare babur, ina zaune a baya ina kuka kamar wadda aka kora daga aiki.

Ya sa tabarau ya karanta sanarwar sau biyu, yatsansa na bin layi.

"Ke ai da makullinki kika buɗe," ya ce.

"Baba, babu makulli kuma."

"Uhm. A gwada da wayar wanda bai taɓa taka jami'a ba."

Auta ta leƙa waje ta kirawo mai gyaran famfo da ke aiki a gidan gaba. Mutumin ya shigo da laka a gwiwa, ya miƙo wata waya mai fasasshen gilashi, yana ta kallonmu. Na rubuta masa sunan. Ta yi juyi, ta yi juyi, sannan ta buɗe.

"Wannan na rijiya ne?" in ji mai famfo, yana jan shafin da babban yatsa. "Kai, har da zane. Zan iya ajiyewa?"

Baban Rijiya ya dube ni. Na nuna masa layin a sanarwar: kowa zai iya saukewa, ya kwafa, ya raba, muddin ya ambaci mai rubutun.

"Ajiye," ya ce. "Ka tura wa abokan aikinka ma." Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin zanin gado. Sannan ya juya wajen 'yarsa. "Auta, maganar alkawarin nan."

"Na'am, Baba."

"Bar shi. Kin wahalar da tukunyar nan da dubawa."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a ƙafafunsa. Ni kuwa sai a lokacin na ji yunwa, na tuna ban karya ba.

"Mai Makulli," ya ce, "yanzu me za mu riƙa kiranki?"

"Duk abin da ka ga dama, Baba."

"Je ki bugo mini hamsin. A kan farar takarda mai kauri, ba irin taku ta ofis ba."

Kwana huɗu ya ƙara. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tafi da kwafi, har nas ɗin da ke yi masa allura. Ranar Asabar da hantsi Auta ta kai masa ruwan wanke fuska, ta tarar ya cika, hannunsa ɗaya a kan kwafin da suka rage. Allah ya jiƙansa. Na yi kuka, amma ba irin wanda na ji tsoron zan yi ba, don na ga yadda ya sake a kwanakin nan.

Bayan sati biyu ina taya Auta kwashe kaya sai ga wata ɗaliba da jaka a kafaɗa, ta yi tafiyar yini guda. An ce mata akwai wani tsoho da ke barin mutum ya zauna ya kwafa da hannu. Har biro biyu ta taho da su. Auta ta gaya mata rasuwar, ta ba ta ruwa, sannan ta zaro sabon kwafi ta miƙa mata.

"In tafi da shi?" ta tambaya.

"Ki tafi da shi."

Duk da haka yarinyar ta roƙi a bar ta ta zauna a kujerar ko kaɗan. Falon ya yi zafi, iska kuma sai turo ƙofar take yi tana rufewa. Auta ta waiga tana neman abin tokarewa. Ta ɗauki dutsen daga kan tsohon kwafin, ta sa a gindin ƙofar.